Gulldepla: Kifin da Ayislan Ta Kama Shekara Uku, Ta Bari

A hunturun da ya haɗa ƙarshen 2008 da farkon 2009, manyan jiragen kamun kifi na ƙasar Ayislan sun wayi gari babu abin kamawa. A watan Oktoba manyan bankunan ƙasar guda uku, Kaupthing da Landsbanki da Glitnir, suka durƙushe cikin mako guda, kuɗin ƙasar kuma, wato krona, ya zube warwas. A irin wannan hali duk hajar da za a fitar waje a karɓo kuɗin ƙetare ta zama zinariya, kuma tun fil azal hajar Ayislan kifi ce. Sai ga shi tekun ma ya juya musu baya.

Kifin kafelin, wanda mutanen ƙasar ke kira lodna, shi ne abincin masana'antun garin kifi a watannin Janairu zuwa Maris. A wasu shekarun baya akan kwashi sama da tan miliyan ɗaya nasa a kaka guda. A wannan karon masana suka auna suka ce bai kai a taɓa ba, abin da aka kama a kakar gaba ɗaya bai wuce tan 15,000 ba. Kifin herin na ruwan ƙasar ya kamu da wata cuta mai cin tsoka da zuciya, wadda aka gano a ƙarshen 2008. Shi kuwa kolmunni, wani siririn kifi mai zama a zurfi da ƙasashen yankin suka kwashi fiye da tan miliyan 2 nasa a 2004, kasonsa sai raguwa yake yi kowace shekara. Ga jirage na maƙudan kuɗi a ɗaure, ga ma'aikata, ga tukwanen masana'anta sun huce.

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A lokacin ne wani jirgi mai suna Huginn, daga tsibiran Vestmannaeyjar da ke kudancin ƙasar, ya fara jan taru a kan wani tarin ƙananan kifaye da matuƙa jirage suka daɗe suna gani a na'urar amsa-kuwwa suna wucewa. Sunan kifin gulldepla, ma'ana ɗigon zinariya. Masana na kiransa Maurolicus muelleri. Kafin a ankara sauran jirage sun bi sahu, a 2009 aka sauke kimanin tan 46,000. A 2010 abin ya sauko tan 18,000, a 2011 tan 9,000, daga nan sai shiru.

Wannan gajeren tarihi ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana cikin 'yan lokutan da aka gwada, da jirage na gaske da kuɗi na gaske, wani zance da ake ta maimaitawa: wai a zurfin teku akwai taskar kifi mafi girma a duniya, wadda za ta ciyar da mutane da dabbobi in da za a miƙa hannu.

Kifin da mazauninsa

Gulldepla bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Yawancinsa santimita 4 zuwa 6 ne, nauyinsa giram ɗaya zuwa biyu. Gefensa na sheƙi kamar azurfa, a ƙarƙashin cikinsa kuma akwai jerin ɗigogi masu ba da haske. Hikimar hasken ita ce, maharbin da ke ƙasa yana kallon sama ba zai ga inuwarsa ba, domin hasken cikinsa ya saje da ɗan hasken da ke saukowa daga rana. Yana balaga a shekara guda, kuma da wuya ya haura shekara uku ko huɗu a duniya. In aka ɗauka kowanne giram biyu ne, tan 46,000 ɗin nan na 2009 kifaye biliyan 23 ke nan.

Mazauninsa shi ne saman wani yanki na teku da ke farawa daga zurfin mita 200 zuwa 1,000. Hasken rana na isa can, amma bai kai ya rayar da tsiro ba, don haka kullum kamar almuru ake. Kifayen wannan yanki da yawa, kuma mafi shahara a cikinsu su ne dangin kifin fitila, masu nau'i kusan 250. Da yawansu ba sa kwana inda suka yini. Rana na faɗuwa sai su hauro sama su ci ƙananan halittun da ke shawagi kusa da fuskar ruwa, kafin gari ya waye sun koma ƙasa. Kowane dare, a kowane teku, haka ake yi. Babu wata ƙaurar dabbobi a doron ƙasa da ta kama ƙafar wannan wajen yawa.

Yadda aka gano su ma abin dariya ne. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masu binciken rundunar ruwan Amurka na gwada na'urar amsa-kuwwa a gaɓar San Diego don farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, sai na'urar ta riƙa nuna ƙasan teku a wurin da taswira ta ce akwai sauran zurfi mai yawa. Abin da ya fi ɗaure kai, wannan ƙasan na ƙarya yana tasowa da dare ya koma da rana. A 1945 wani masanin halittun ruwa, Martin Johnson, ya nuna cewa rayayyun halittu ne.

Alƙaluman da suka ɗaga hankali

Tambayar nawa ne a can ita ce ta haifar da duk kwaɗayin. A 1980 wasu masana biyu, Gjøsæter na Norwe da Kawaguchi na Japan, suka yi wa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ƙiyasi, suka ce kimanin tan biliyan ɗaya. Yawancin hujjarsu daga abin da taru ya kamo ne. Shekara talatin bayan haka, ayarin bincike na Malaspina na ƙasar Sifen ya kewaya duniya a 2010 zuwa 2011 yana aunawa da sauti, kuma sakamakon da Xabier Irigoien da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya ce a ninka wancan adadi sau goma aƙalla. Don a ga girman maganar: duk kifin da 'yan Adam ke kamowa daga tekunan duniya a shekara yana wajen tan miliyan 80 ne.

Me ya kawo wannan tazara? Kifi na ganinka, mai jar koma. An gwada an gani, waɗannan ƙananan kifaye na jin tahowar taru su kauce, wasu kuma su zurare ta idanunsa, saboda haka ƙidayar taru na rage su. Ita kuma ƙidayar sauti tana iya ƙara su. Abin da ke mayar da amsa-kuwwa da ƙarfi shi ne jakar iskar da ke cikin kifi, alhali akwai wasu halittu masu jikin ruwa-ruwa da su ma ke ɗauke da kumfar iska, na'ura ba ta bambance su da kifi. Wani nazari na 2019 da ya yi la'akari da wannan ya bar adadin tsakanin tan biliyan 2 da 16. Wanda aka ce wa dukiyarsa tana tsakanin biyu da sha shida, ai ba a gaya masa nawa gare shi ba.

Amma bari mu karɓi biliyan 10 ɗin mu yi lissafin kan takarda, domin a nan ne zancen taska ke fara tsiyaya. Faɗin tekunan duniya kusan murabba'in kilomita miliyan 360 ne. In aka raba, kowane murabba'in mita na fuskar ruwa ya tashi da giram 28. Giram 28 ɗin kuma a warwatse suke cikin ginshiƙin ruwa mai tsawon mita 800. Kenan kafin ka tara tan ɗaya sai ka tace ruwan da zai cika manyan wuraren gasar ninƙaya fiye da 11,000, kuma kowane taƙi na wannan tata da man jirgi ake yinsa. Gaskiya ne kifin ba a shimfiɗe yake daidai wa daida ba, yana taruwa a faifai-faifai. To wannan ɗin shi ne batun. Ɗan kasuwa ba ruwansa da jimillar da ke tekunan duniya. Abin da ya dame shi shi ne wuraren da igiyar ruwa da gangaren ƙasan teku ke cusa kifin wuri guda har taru ya cika cikin 'yan sa'o'i. Irin waɗannan wurare ba su da yawa, kuma gangaren da ke kudu da kudu maso yammacin Ayislan na cikinsu a wancan hunturu.

Daga taru zuwa tukunya

Abu na farko da masuntan suka ci karo da shi shi ne tarun kansa. Tarun da ake ja a tsakiyar ruwa don kolmunni ko herin yana da manyan idanu a baki, suna ƙanƙancewa zuwa jakar ƙarshe. Babban kifi in ya ga igiyoyin sai ya tsorata ya bi tsakiya har ya faɗa jaka. Gulldepla ba ya bin wannan tsari sosai, ta idanun yake ficewa. Dole aka yi wa tarun shafi da raga mai ƙananan idanu a wani dogon sashe. Raga mai ƙananan idanu kuwa tana riƙe ruwa, jan ta sai da ƙarfi, injin ya ƙara shan mai, gudun jirgi ya ragu. Ga shi kuma ba ta zaɓe: duk abin da ke cikin faifan tana haɗawa, musamman ƙananan jatan landen nan da ake kira kiril.

Abu na biyu ya fi tsanani, shi ne abin da ke faruwa bayan kifin ya hau jirgi. Jikinsa taushi gare shi, fatarsa kamar takarda. Nauyin 'yan uwansa a jakar taru da famfon da ke zuƙo shi sun isa su farfasa shi. Sinadaran narkar da abinci da ke cikin hanjinsa kuma ba sa tsayawa don ya mutu, sai su juya kan naman jikinsa. Cikin ɗan lokaci abin da ke rumbun jirgi ya tashi daga kifi ya koma kunu. Jirgin da ke ɗauke da kolmunni na iya yin kwanaki yana cika rumbunsa. Mai gulldepla agogo na binsa tun daga jan farko, ko ya cika ko bai cika ba sai ya nufi gaɓa.

Sai gishiri. Jiragen na zuƙo kifi da ruwan teku, su kuma adana shi cikin ruwan teku mai sanyi. Ga babban kifi wannan ba komai ba ne. Amma ƙaramin kifi fatarsa ta yi wa namansa yawa, ga shi a farfashe, don haka yana shan gishiri kamar soso. A masana'anta ana dafa kifin, a matse shi, a raba mai da ruwa, a ƙafar da ruwan a mayar da kaurinsa cikin tuƙar, a busar, a niƙa. Duk gishirin da ya shigo yana ƙarewa ne a cikin garin, kuma a hanya yana cin ƙarfen na'urori. Masu haɗa abincin kifin kiwo da na kaji da aladu suna da iyakar gishirin da za su karɓa, garin da ya haura ta farashinsa ya faɗi. Masana'antun Ayislan sun yi kuka da wannan tun a kakar farko.

A tuna kuma, ko da kifi lafiyayye, sai an narka tan 4 zuwa 5 kafin a sami tan ɗaya na gari. Kifin gari haja ce mai arha wadda ribarta ke cikin yawa. Ƙaramin ƙari a kuɗin mai, ƙaramin ragi a farashin gari, sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu.

To me ya sa jirage suka yi rububi a 2009? Dalili na fili shi ne zaman banza: jirgin da ke ɗaure yana cin kuɗi ko bai motsa ba, saboda haka duk kamun da zai biya mai da albashi ya fi babu. Faɗuwar krona ma ta taimaka, tunda garin da kuɗin waje ake sayar da shi. Akwai kuma dalili na biyu da nake ganin ba a cika ba shi nauyinsa ba. Tun 1984 Ayislan ke tafiyar da kamun kifi bisa tsarin kaso, dokar 1990 kuma ta mayar da kason abin saye da sayarwa. Idan za a shigar da sabon nau'in kifi cikin tsarin, ana duba abin da kowane jirgi ya kama ne a shekaru ukun da suka gabata a raba. Ma'ana, wanda ya yi sammako a kan kifin da ba shi da kaso yana rubuta wa kansa gado. Ko da kakar ba ta kawo riba ba, tarihin kamun kadara ne in har kifin ya zama wani abu nan gaba. A ganina wani ɓangare na tan 46,000 ɗin nan kama layi ne.

Cibiyar binciken teku ta ƙasar, wadda ake kira Hafró a taƙaice, ta ba da shawarar kada a wuce tan 30,000 a shekara, don taka-tsantsan, tunda kifin abincin wasu kifayen ne. Abin lura shi ne bayan 2009 ba a taɓa kusantar wannan iyaka ba. Ba doka ce ta tsayar da kamun gulldepla ba. Masu jiragen ne suka juya akala da kansu.

Inda suka juya ba ɓoyayye ba ne. Kafelin ya dawo, har kason kakar 2011 zuwa 2012 ya kai wajen tan 765,000, kuma lokacinsa ɗaya da na gulldepla. Kafelin ba gari kaɗai yake bayarwa ba, ana daskarar da shi don ci, ƙwansa kuma Japan na saye da tsada. A gefe guda ga makarel, wanda ɗumamar ruwa ta koro zuwa tekun Ayislan: daga kusan babu a farkon shekarun 2000, kamunsa ya haura tan 100,000 a 2008 ya ci gaba da hawa, har ya jawo rigima da Tarayyar Turai da Norwe. Kamfanin da ke da makarel da rani, kafelin da hunturu, me zai kai shi kokawa da kunun gishiri?

Ba Ayislan kaɗai ba

Da a ce sau ɗaya abin ya faru, sai a ce tsautsayi ne. Afirka ta Kudu ta kama kimanin tan 42,000 na wani kifin fitila a 1973, masana'antunta suka iske mansa ya yi yawa har yana toshe na'urori, harkar ta lafa. Jiragen Tarayyar Sobiyet sun kwashi dubban tan na wani nau'in a kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu a ƙarshen shekarun 1980, aka daina da rushewar gwamnatin da ke ɗaukar nauyin man jiragen. A Tekun Oman, inda jirgin bincike na Norwe mai suna Dr. Fridtjof Nansen ya auna tarin kifin fitila mai kauri tun shekarun 1970, gwaje-gwajen kasuwanci ba su haifar da babbar masana'anta ba. Norwe da kanta ta ba da lasisin gwaji daga 2016, kuma a 2019, shekarar da ta fi kyau, abin da aka sauke bai kai tan 2,000 ba, ciki har da kiril. Wurare daban, zamani daban, ƙarshe iri ɗaya.

Maganar ci da maganar kiwo

Kusan duk gulldeplar da Ayislan ta sauke gari da mai aka yi da ita. Ba don ba ta da amfani a jikin mutum ba. Kifin da ake ci ɗungurungum, da kai da ƙashi da hanta, ya fi tsokar babban kifi sinadarai, kuma gwajin da aka yi a Norwe ya nuna waɗannan ƙananan kifaye na da bitamin A da kalsiyam da aidin da man omega-3 mai yawa. Matsalar ita ce hanyar da za su bi su isa faranti. Kifin giram biyu ba ya feɗuwa. Hanjinsa na sa ɗaci. Kafin a kai gaɓa ya narke. Wanda zai sayar da shi don ci sai ya daskarar da shi ko ya busar da shi a cikin jirgi cikin sa'o'i kaɗan, wato jirgin ya zama masana'anta, sannan ya je neman kasuwar da ba ta san kifin ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin nau'o'in da ba a gani da ido. Man gulldepla irin wanda ciki ke narkarwa ne. Amma maƙwabcinsa a ruwan arewa, wani kifin fitila mai suna Benthosema glaciale, yawancin mansa mai kama da kakin kyandir ne, wanda hanjin mutum ba ya iya sarrafawa, in an ci da yawa sai gudawa. Kiril na ɗauke da sinadarin fuloraid a ɓawonsa. Wasu nau'o'in kuma ana samun ƙarfen kadmiyam a jikinsu har ya kusanci iyakar da doka ta sa wa abinci. Tunda taru ba ya tantancewa, abin da jan safe ya kawo ba lallai ya yi kama da na yamma ba. Mai haɗa abincin dabbobi kuwa ba abin da ya tsana kamar kayan da ba ya iya cewa ga abin da ke ciki.

Duk da haka buƙatar gaskiya ce, kuma ita ce ke sa zancen ya ƙi mutuwa. Garin kifin da duniya ke samarwa ya tsaya a wajen tan miliyan 5 a shekara, mai kuma wajen miliyan ɗaya, shekara da shekaru, alhali kiwon kifi sai bunƙasa yake yi. A 1990 kashi 90 cikin ɗari na abincin kifin salmon da ake kiwo a Norwe daga teku yake fitowa. Zuwa 2020 ya sauko ƙasa da kashi 25, waken soya da man tsirrai suka cike gurbin, omega-3 da ke cikin naman salmon ɗin ma ya ragu. Duk wanda ya samo sabuwar rijiyar man kifi ya samo kuɗi. Shi ya sa a 2019 Tarayyar Turai ta zuba kuɗi a manyan ayyukan bincike guda biyu, MEESO da SUMMER, don a duba ko kamun zai yiwu, da kuma abin da zai jawo.

Abin da ba ya cikin littafin ciniki

A nan sai an yi hattara da wani kuskure. Da an ce kifin zurfi, mutane kan tuna da abin da ya faru da wani jan kifin zurfi na Niyu Zilan da Ostareliya da ake kira orange roughy, wanda aka far wa daga 1979, aka kusa ƙarar da shi kafin a gane yana haura shekara ɗari a raye kuma ba ya haihuwa sai ya kai ashirin da wani abu. Gulldepla ba haka yake ba. Mai balaga a shekara guda yana da saurin mayar da gurbi. Haɗarin da ke tattare da shi na wani iri ne: ba shi ake ji wa ba, waɗanda ke rataye a wuyansa ake ji wa.

Na farko masu cinsa. A arewacin Atilantika kolmunni na cin sa, haka ma ufsi, wani babban kifi da Ayislan ke sayarwa don ci. A sauran tekuna kifin tuna da tsuntsayen teku da manyan dabbobin ruwa duk a kan kifayen almuru suke kiwo. Ƙasar da ta kwashe abincin kifi mai tsada don ta yi gari mai arha ta sayar da saniya ta sayi igiya.

Na biyu ya fi wuyar gani. Kifin da ya ci abinci a sama da dare ya sauka mita ɗaruruwa da safe, can yake numfashi, can yake kashi, can yake mutuwa. Kenan kowace rana yana ɗauke da kabon, sinadarin da taruwarsa a iska ke ɗumama duniya, daga fuskar ruwa, inda zai iya komawa iska, zuwa zurfin da zai zauna shekaru gommai ko ɗaruruwa. Biliyoyin ƙananan 'yan dako ne da ba a biya. In aka kama kifin aka ciyar da salmon, kabon ɗin ya dawo sama. Kamfanin da ya kama ya karɓi kuɗin gari, asarar dakon kuma a raba wa duniya. Kamun Ayislan na shekara uku bai kai ya girgiza wannan ba. Amma masu zancen taska ba tan 46,000 suke nufi ba, miliyoyi suke nufi.

Batun masu cinsu ne ya sa a 2016 Amurka ta yi abin da ba a saba ba a harkar kamun kifi: ta haramta buɗe kamun kasuwanci na kifin fitila da wasu kifayen almuru a ruwanta na tarayya da ke gaɓar jihohin Washington da Oregon da California, tun kafin wani ya nema, har sai an auna illarsa. A al'ada sai an kwashe ake kafa doka.

Gwajin da ya zo da kansa

Idan dawowar kafelin ce kaɗai ta kashe kamun gulldepla, to ɓacewarsa ya kamata ta tayar da shi. Teku ya ba da damar gwada wannan. A hunturun 2019 ba a ba da kason kafelin ba sam. A 2020 ma haka, shekara biyu a jere, garuruwa irin su Vestmannaeyjar suka ji a jikinsu. Shawarar tan 30,000 ba ta hana kowa fita ba, ilimin tarun da aka samu a 2009 yana nan, jiragen ma sun fi na da girma da sanyin rumbu. Ba a ga rububi ba. Jiragen suka nufi kudu neman kolmunni, wanda ya farfaɗo daga kason tan 40,000 kacal da aka ba ƙasashen yankin duka a 2011 zuwa sama da tan miliyan ɗaya.

A 2023 aka sake samun wata damar ta ɓangaren farashi. Ɗumamar ruwan El Niño ta sa Peru, wadda ta fi kowace ƙasa samar da garin kifi da mansa, ta soke kakar farko ta kamun ancobi, ƙaramin kifin da take yin garin da shi, farashin man kifi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. A hunturun 2024 kuma Ayislan ta sake wayar gari babu kason kafelin. Ga tsada a kasuwa, ga jirage a ɗaure, kusan yadda aka kasance a 2009. Duk da haka ba a sake sauke gulldepla da ya yi ko kusa da na waccan shekara ba.